Daga Fartanya Zuwa Tsintsiya: Tarihin Zaɓe A Ƙasar Kazaure Da Babura

Mai karatu, in ka taso daga Kano ka kama hanyar Daura, da zarar ka bar Dambatta a baya ba za ka jima ba sai ka fara hango duwatsun Kazaure. Daga nan in ka karkata yamma, ka shiga ƙasar Roni da Gwiwa kenan, har ka dangana da iyakar Jihar Katsina. In kuwa gabas ka nufa, Babura ce a gaban ka, ita kuma tsakanin ta da Jamhuriyar Nijar ba wata tafiya ba ce. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, masu gero da dawa da gyaɗa da riɗi, da masu noman rani a bakin ruwa, da samarin da ke tafiya cirani Kano da Abuja da Legas idan an gama girbi.

To amma kada ka raina wannan kusurwa a fagen siyasa. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 24 kenan, 'ya'yan wannan yanki ne su ka riƙe kujerar Gwamnan Jigawa har tsawon shekara 16: Ibrahim Saminu Turaki na Kazaure ya yi takwas, Muhammad Badaru Abubakar na Babura shi ma ya yi takwas.

Mu masu kallon fim mun san wani abu guda. Kafin jarumi ya fito a allo, akwai waɗanda su ka zauna a ɗaki su ka ce shi za a ba fitowar. Ɗan kallo dai nasa shi ne ya kalla ko ya ƙi. To, tarihin zaɓe a wannan yanki kusan haka ya ke. Sau da yawa an sauya yadda ake jefa ƙuri'a, an sauya jam'iyyu da alamomin su, amma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ta na nan tun 1951: wa ke tsayar da wanda za a ce wa talaka ya zaɓa? Biyo ni ka ji yadda amsar ta yi ta sauyawa.

Mazaɓu biyu, masarautu biyu

Da farko bari mu san filin wasan. A Majalisar Wakilai ta Tarayya akwai kujera 360, Jigawa na da 11 daga ciki. Ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi su huɗu kujera ɗaya su ke da ita. Babura kuwa da Garki aka haɗa ta. A Majalisar Dattawa kuma duk su na ƙarƙashin mazaɓar Jigawa ta Arewa maso Yamma, mai ƙananan hukumomi 12, tare da su Gumel da Ringim da Maigatari.

Me ya sa Babura, da ke maƙwabtaka da Kazaure, ba ta cikin mazaɓar ta? Amsar ta girmi zuwan Turawa. Wajen 1819, a zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Ɗan Tunku ya yi wa Kano tawaye, aka yi ta gwabzawa, daga bisani Sakkwato ta amince Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kan ta. Waɗancan ƙananan hukumomi huɗu su ne ƙasar masarautar Kazaure a yau. Ita kuwa Babura ta ci gaba da zama a ƙasar Kano, hakimin ta na bin Sarkin Kano, har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ta koma ƙarƙashin sabuwar masarautar Ringim tare da Garki da Taura. Ka ga ashe layin da Ɗan Tunku ya shata da takobi shi ne har gobe hukumar zaɓe ke bi da alƙalami.

Zamanin En'e: ƙuri'a a gaban hakimi

Zaɓen farko da ya taɓa mutanen karkarar Arewa shi ne na 1951, a ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson. A lokacin Kazaure na da En'e ta kan ta a cikin Lardin Kano, Babura kuma na ƙarƙashin En'e ta Kano. Zaɓen nan hawa-hawa ne. Magidanta masu biyan haraji za su taru a ƙauye su fid da wakilai, waɗannan su je gunduma su sake fid da wasu, a yi ta tacewa har a kai matakin lardi, inda 'yan tsiraru za su zaɓi masu tafiya majalisar Kaduna. A matakin ƙarshen nan ma doka ta ba En'e damar ta cusa nata mutanen. Shi ya sa jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta taka rawar gani a matakan farko a birnin Kano, amma da aka zo ƙarshe ko kujera ɗaya ba ta samu a lardin ba.

Ka kwatanta da kan ka, mai karatu. Kai manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Roni ko Babura. Dagacin da ke karɓar harajin ka shi ne zai tara ku. Hakimi na da ido a kan taron. Ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari na En'e ne. Wanda duk zai yi taron siyasa sai ya nemi izini a wurin wannan En'e ɗin, alhali manyan ta su ne jiga-jigan jam'iyyar NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa. A faɗin Arewa 'yan NEPU da yawa sun sha ɗauri da bulala bisa zargin zagin sarakuna ko yin lacca ba izini. In ka ga mutum ya ce "Sawaba" a ƙauye a wancan zamani, to ya shirya wa abin da zai biyo baya.

Sai a zaɓen tarayya na 12 ga Disamba, 1959 ne kowane baligi namiji a Arewa ya samu damar zaɓen wakilin sa kai-tsaye, kuma a asirce. Kowane ɗan takara da akwatin sa mai ɗauke da alamar jam'iyya: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Mutum zai shiga bayan shinge ya jefa takardar sa a akwatin da ya ga dama. Daga kujeru 312 na majalisar Legas, 174 na Arewa ne, kuma NPC ce ta kwashe mafi yawan su, NEPU ta tsira da takwas kacal. A zaɓen Disamba 1964 abin ya ƙara lalacewa, domin a mazaɓu da dama na Arewa an ce 'yan takarar NPC sun wuce babu hamayya. Ba a fi shekara ɗaya da 'yan kwanaki ba sojoji su ka kifar da gwamnatin, ranar 15 ga Janairu, 1966.

Abu biyu za ka riƙe daga wannan zamani. Na ɗaya, fada ce ke tsayar da ɗan takara, kuma galibi ma'aikacin En'e ne ko mai sarauta. Na biyu, mata ba su cikin lissafi sam. Kakannin mu mata na Kazaure da Babura sun ga an samu mulkin kai a 1960 ba tare da an tambayi ra'ayin ko ɗaya daga cikin su ba, duk da gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba.

1979: ranar da mabuɗi ya buɗe ƙofa

Shekara 13 na mulkin soja sun sauya abubuwa da yawa. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Kazaure da Babura duk su ka faɗa cikin ta. An karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta zama tarihi, kuma a wannan shekarar ce matan Arewa su ka fara samun 'yancin jefa ƙuri'a. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar masu da shi, ya kuma sa shekarun mai zaɓe su zama 18.

Don haka da aka buga gangar siyasa a 1979, masu zaɓen ba irin na 1959 ba ne. Ga mata, ga matasa, kuma hakimi ba shi da ɗan dokan da zai aika ya kamo ka. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi da kirarin "Nasara", ta share Jihar Kano, ta kayar da NPN mai gida da masara. Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, kuma cikin abubuwan da ya fara yi har da soke haraji da jangali. Ga mutumin birni wannan labari ne a rediyo. Ga manomin Gwiwa da Bafulatanin dajin Babura kuwa, abu ne da ya shiga har cikin rumbu da garke. Harajin nan shi ne igiyar da ta ɗaure talaka a hannun dagaci shekara da shekaru, shi ne ke sa magidanci ya sayar da akuya ko ya gudu ya bar gari. Ran da aka ce babu shi, ran nan mutanen karkara su ka ga da idon su cewa 'yar takardar nan da ake jefawa a akwati ta na iya canza rayuwa.

Sai dai daɗin bai daɗe ba. PRP ta dare gida biyu, 'yan Santsi na bin Rimi, 'yan Taɓo na bin Malam. Rigimar ta shiga kowane gari da kowace kasuwa, har ta raba wa da ƙane. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. A zaɓen wannan shekara Rimi ya tsaya a NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Masu sha'awar tarihin sinima za su tuna cewa Sabon ne ya rufe sinimar Palace ta Kano aka mai da ita asibiti. Wata uku kurum ya yi a kan mulki, sojoji su ka dawo ranar 31 ga Disamba, 1983, kuma wanda su ka ɗora shugaban ƙasa maƙwabci ne, mutumin Daura, Manjo-Janar Muhammadu Buhari. Riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi.

Sabuwar jiha, doki da mikiya

Ranar 27 ga Agusta, 1991 Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jigawa daga Kano. Mutumin Kazaure, wanda Kano ke kusa da shi kamar bayan gida, ya wayi gari hedikwatar sa ta koma Dutse, kuma hanyar da aka fi bi zuwa can sai ta ratsa ta Kanon da aka raba shi da ita. Amma rabuwar ta zo da riba: a cikin tsohuwar Kano yankin nan ɗan ƙaramin gefe ne, a Jigawa kuwa ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan da ba a cin zaɓe sai da su.

Gwamnatin soja ce da kan ta ta ƙirƙiri jam'iyyu biyu, ta gina masu ofisoshi a kowace ƙaramar hukuma: SDP mai doki da NRC mai mikiya. Sannan ta kawo salon zaɓen da Bahaushe ya raɗa wa ƙato-bayan-ƙato, wato ka je ka tsaya a layi bayan hoton wanda ka ke so, a ƙirga ku. An ce an yi haka ne don maganin maguɗi. Amma a ƙauye, inda kowa ya san kowa, wannan ranar wanka ce da ba a ɓoyon cibi. Surukin ka na kallon ka, mai ba ka bashin taki na kallon ka. A haka aka zaɓi Ali Sa'ad Birnin Kudu na SDP gwamnan farar hula na farko a Disamba 1991. A zaɓen majalisar tarayya na Yuli 1992 kuwa kowace ƙaramar hukuma wakili ɗaya aka ba ta, abin da ya sa wakili ya kasance kusa da jama'ar sa fiye da kowane lokaci. A zaɓen 12 ga Yuni, 1993 Jigawa ta ba M.K.O. Abiola rinjaye a kan Bashir Tofa, ɗan Kano. Wannan ya nuna cewa gadon siyasar PRP, wadda yawancin mabiyan ta su ka shiga SDP, ya fi ƙarfin zancen ɗan gida. An soke zaɓen, Janar Sani Abacha ya rushe komai a Nuwamba 1993.

A zamanin Abachan ne, a 1996, aka kammala adadin ƙananan hukumomin Jigawa 27, aka kuma shata mazaɓun tarayya da aka shiga Jamhuriya ta Huɗu da su. Tsarin mulkin 1999 ya ce hukumar zaɓe ta riƙa sake duba iyakokin mazaɓu lokaci-lokaci, amma da taswirar nan aka yi duk zaɓuɓɓuka bakwai daga 1999 zuwa 2023, ko da ya ke yaran da aka haifa a shekarar da aka zana ta yanzu su na da nasu 'ya'yan.

Zamanin Saminu: gwamna ne mai rabon fitowa

A Janairu 1999 Saminu Turaki ya ci zaɓen gwamna a jam'iyyar APP mai alamar masara, wadda daga baya ta koma ANPP. A karon farko ɗan Kazaure ya hau kujerar mulkin jiha. Ya shahara da son harkar kwamfuta da intanet tun lokacin da yawancin mu ba mu san me ake nufi da su ba, kuma a zamanin sa aka kafa makarantar koyon ilimin kwamfuta ta Kazaure da aka fi sani da Informatics, wadda ta jawo ɗalibai daga jihohi da dama. Garin na kuma da kwalejin kimiyya da fasaha mai sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, wadda daga baya ta koma hannun Gwamnatin Tarayya.

A siyasance, abin da wannan zamani ya kawo shi ne sabon mai rabon fitowa. A da fada ce, yanzu gidan gwamnati ne. Kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha su ke bi, shugabannin jam'iyya na jiran umarnin gwamna, saboda haka duk mai son tikitin majalisa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Babbar shaida ita ce ta 2006, da Saminu ya sauya sheƙa zuwa PDP: kusan ilahirin masu riƙe da muƙamai a jihar su ka bi shi, masara ta koma lema ba tare da an tambayi mai ƙuri'a ba. A 2007 Sule Lamido ya gaje shi, shi kuma ya tafi Majalisar Dattawa ya na wakiltar Arewa maso Yamma.

A waɗannan shekaru sunan da ya fi daɗewa a kujerar Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi shi ne Bashir Adamu, wanda ya yi ta komawa majalisa har ya shugabanci kwamitin tsaro a majalisar 2011 zuwa 2015, daidai lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani. Daɗewa a majalisa na da amfanin ta, domin sabon zuwa ba ya samun babban kwamiti. Sai dai a karkara ba da kwamiti ake auna wakili ba. Ana auna shi da rijiyar burtsatse, da baburan da ya raba, da yaran da ya sama wa aiki, da kujerar Makka, da ko ya zo gaisuwar mutuwa. Aikin sa na asali, wato yin doka da tsara kasafin kuɗi da bin diddigin yadda aka kashe su, ba kasafai ake tambayar sa a kai ba.

2011 da 2015: mai ƙuri'a ya nuna wayon sa, guguwa ta biyo baya

Masu cewa mutumin ƙauye bai san abin da ya ke yi ba, su dubi 2011. Saminu ya ɓata da Lamido, ya koma ACN, jam'iyyar da ta tsayar da Badaru na Babura takarar gwamna. Buhari kuma ya na CPC mai alamar alƙalami. Me ya faru? A zaɓen shugaban ƙasa Jigawa ta ba Buhari rinjaye a kan Goodluck Jonathan na PDP. A zaɓen gwamna kuwa ta mai da Lamido na PDP ɗin. Shi kan sa Saminu, tsohon gwamna kuma sanata mai ci, ya sha kaye a hannun Danladi Sankara na PDP. Cikin wata guda mutane ɗaya su ka dangwala wa alƙalami a nan, su ka dangwala wa lema a can. Wannan aikin mai lissafi ne, wanda ya san bambancin kujera da kujera.

'Yan adawa sun ɗauki darasi, sun gane cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2013 ACN da CPC da ANPP su ka narke su ka zama APC mai tsintsiya. A 2015 aka zo da na'urar tantance katin zaɓe, aka kuma zo da kalmar nan "sak", wato daga sama har ƙasa jam'iyya ɗaya. Mawaƙa su ka ɗauka, waƙar Dauda Kahutu Rarara ta "Masu Gudu Su Gudu" ta cika kasuwanni da tashoshin mota, 'yan fim da dama su ka shiga kamfe. Ga Kazaure da Babura kuwa Buhari ba baƙo ba ne, hanyar gidan sa ta ƙofar su ta bi. Guguwar ta kwashe komai. Badaru ya kayar da Aminu Ibrahim Ringim ya zama gwamna, har jama'a su ka laƙaba masa "Mai Kalkuleta" saboda tsantsenin sa wajen kashe kuɗi. Kujerar Kazaure ta bar hannun PDP, Muhammad Gudaji Kazaure ya ɗare kan ta.

Gudaji dai ba sai an gabatar maka da shi ba. Tsakanin 2015 da 2023 da wuya a samu ɗan majalisar Arewa da bidiyon sa ya yawata a Facebook da WhatsApp kamar sa. Ya na magana yadda ta zo masa, ya sa zauren majalisa dariya, kuma bai taɓa ɓoye ƙaunar sa ga Buhari ba. A Maris 2018, a muhawarar Ranar Mata ta Duniya, ya ja kunnen 'yan'uwan sa maza cewa in aka sakar wa mata dama da yawa, tunda su ne su ka fi fitowa zaɓe, wata rana za su ƙwace majalisar baki ɗaya. An yi dariya, an kuma yi masa ca. A Disamba 2022 ya tada ƙura da zargin cewa naira tiriliyan 89 na harajin hatimi sun maƙale, fadar shugaban ƙasa ta fito ta musanta. To amma ka san wani abu? Duk wannan suna bai hana shi rasa tikitin APC a zaɓen fid da gwani na 2022 ba. Ya koma ADC ya tsaya, amma a 2023 kujerar ta tafi ga Muktar Muhammad na APC. Mutumin da miliyoyi su ka sani a waya, 'yan daliget ne su ka fara sauke shi, mutanen da aka tsamo biyar-biyar daga kowace gunduma, waɗanda duk taron su bai cika babban ɗakin taro ɗaya ba.

A zaɓen sanata na 2023 ma 'yan Kazaure biyu ne su ka kara: Babangida Hussaini na APC ya kayar da Saminu Turaki, wanda ya sake tsayawa a PDP.

Babura da Garki: kujerar da ta sha makoki

Labarin maƙwabta ya ɗan bambanta, kuma akwai ban tausayi a ciki. Wakilin Babura da Garki, Muhammad Adamu Fagen-Gawo na APC, ya rasu a ƙarshen Disamba 2019, bai cika shekara da cin zaɓe ba. A zaɓen cike gurbi na Maris 2020 jam'iyyar ta tsayar da ɗan sa Musa, ya kuma ci. A zagayen 2023 sai da aka je kotu kafin a tantance wane ne halastaccen ɗan takarar APC, Isa Dogonyaro ya yi nasara ya shiga majalisa. Shi ma Allah ya yi masa rasuwa a Mayu 2024. Kujerar ta zauna babu kowa fiye da shekara guda, sai a Agusta 2025 aka yi zaɓen cike gurbi, APC ta sake riƙe ta. Allah ya jiƙan waɗanda su ka rasu.

Dubi abin da ke cikin wannan, mai karatu. Wata goma sha biyar mutanen Kanya Babba da sauran garuruwan mazaɓar ba su da murya a zauren da ake raba arzikin ƙasa, har aka zartar da kasafin kuɗin shekara guda ba wakilin su. Sannan ga kotu ta shigo cikin masu rabon fitowa. Babura ba baƙuwar shari'a ba ce, ita ta haifi marigayi Mai Shari'a Dahiru Musdapher, Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2011 zuwa 2012. Amma ko ɗan garin alƙalai ya san cewa in har sai alƙali ne zai faɗi wanda jam'iyya ta tsayar, to tun a gida aka ɓata lissafi.

To, ina aka kwana?

In ka tattara shekara saba'in da 'yan kai ɗin nan, za ka ga mai rabon fitowa ya tashi daga fada ya koma hedikwatar jam'iyya, ya koma barikin soja, ya koma gidan gwamnati, ya ɓuya a cikin 'yan daliget, wani lokaci ya leƙa kotu. Shi kuwa mai ƙuri'a, duk lokacin da aka ba shi sarari ya nuna ya san ciwon kan sa. Ya nuna a 1979, ya nuna a 1993, ya nuna a 2011. Matsalar ita ce galibi sai an gama dafa abinci ake kiran sa, a ce ya zaɓi kwanon da zai ci.

Akwai kuma bashin da ba a biya ba. Matan da su ka fara zaɓe a 1976, waɗanda kowa ya shaida su ke cika layi tun da sassafe da goyo a baya, daga 1999 zuwa zaɓen 2023 ba a taɓa tura ko ɗaya daga cikin su Majalisar Wakilai daga waɗannan mazaɓu biyu ba. Ana tuna su ne idan an zo rabon atamfa da taliya da sabulu. Tsoron da Gudaji ya bayyana a 2018 har yanzu ko alamar sa ba a gani ba.

Buhari ya rasu ranar 13 ga Yuli, 2025, aka binne shi a Daura. Tun 2003 sunan sa ke kan kowane zaɓe a wannan yanki, ko ya na takara ko ana cin albarkacin sa. Yanzu babu rigar da ɗan takara zai raɓa ya wuce, kowa tasa za ta fisshe shi. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikin sa a 2021, an tsara zai ratsa ta Kazaure. Ga zaizayar ƙasa, ga tsadar taki, ga 'yan makarantar da su ka gama ba aiki. Waɗannan duk a Abuja ake yanke kuɗin su, kuma wakilin ka ne ke zaune a wurin.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke karanta wannan a Amaryawa ko Karkarna ko cikin garin Babura, ba a fafe gora ranar tafiya. Katin zaɓe wajibi ne, amma shi kaɗai bai isa ba. Ka san su wa ke shugabancin jam'iyya a gundumar ku, ka san ranar fid da gwani, kuma ko da wace hanya za a bi, ta daliget ce, ta ƙato-bayan-ƙato ce, ko wadda ake kira maslaha, ka tambaya da yawun wa aka yi. Wanda ya ci kuma ka bi shi da tambayar abin da ya faɗa a majalisa da abin da ya sa a kasafi, domin tsarin mulki ma ya ba ku damar yi masa kiranye in fiye da rabin masu rajista su ka sa hannu. Kakannin mu sun sha bulala kafin a ba su akwati. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da su ka bar mana, amin.